Tarihin Alois Alzheimer, likitan da ya zauna ya saurari masu gigin tsufa

Masu karatu, da wuya a samu zuri'ar da ba ta taɓa jinyar tsoho ko tsohuwar da tunani ya fara kuɓuce wa ba. Tsohuwa ta ci tuwo yanzu ta ce ba a ba ta ba, ta kira jikanta da sunan ƙanenta da ya daɗe da rasuwa, ko ta fita ƙofar gida ta kasa gane hanyar komawa. Mu Hausawa gigin tsufa muke ce ma wannan hali. Su kuwa likitoci sun ce cututtuka ne na ƙwaƙwalwa, kuma wadda ta fi yawa cikinsu tana ɗauke da sunan wani Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda ya bar duniya yau fiye da shekara 100. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2021 mutum miliyan 57 ke fama da gigin tsufa, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 nasu suna zaune a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi.

A filinmu na yau za mu kawo muku tarihin wannan likita, saboda wata tambaya da ke damun duk mai jinyar irin waɗannan tsofaffi. In tsoho ya kai inda ba ya iya buɗa baki ya ce ga inda ke mashi ciwo, ta yaya za a gane yana jin zafi? Alzheimer bai ƙirƙiro ma'aunin zafin ciwo ba, wannan ya zo ne shekaru da dama bayan shi. Amma halin da aka san shi da shi, wato zama kusa da maras lafiya, da lura da shi, da rubuta abin da aka gani, shi ne har yau amsar wannan tambaya.

Haihuwa da karatu

An haifi Alois Alzheimer ran 14 ga watan Yuni na shekara ta 1864 a Marktbreit, wani ɗan ƙaramin gari da ke bakin kogin Main a yankin Bavariya, kudancin ƙasar Jamus ta yau. Mahaifinsa ma'aikacin shari'a ne, irin masu sa hannu a takardun gado da na sayen gida. Yaron ya yi lakwal ɗinsa ta sakandare a garin Aschaffenburg, ya gama a 1883. Daga nan ya shiga karatun likita a jami'o'in Berlin da Tübingen da Würzburg. A 1887 ya rubuta kundinsa na zama dokta a kan ƴan ƙulluttukan da ke fitar da dauɗar kunne. Aiki ne ƙarami in an dubi abin da ya biyo baya, amma a nan ne ya saba da madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa, wanda ya zama abokin aikinsa har ƙarshen rayuwa.

Da ya samu takardar izinin aiki a 1888, sai aka ɗauke shi ya raka wata mata mai taɓin hankali a tafiya ta wajen wata biyar. A watan Disamba na wannan shekara ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali da masu farfaɗiya na birnin Frankfurt, yana ɗan shekara 24.

Asibitin da aka kwance ɗauri

A wancan zamani, a wurare da yawa na Turai, gidan masu taɓin hankali bai da bambanci sosai da gidan kaso. Ana sa masu wata riga mai ɗaure hannuwa, ana kulle su a ɗaki su kaɗai, kamar yadda mu ma muka san turu da mari a ƙasashenmu. Shugaban asibitin Frankfurt, Emil Sioli, yana cikin masu ganin a bar wannan hanya. Shi da Alzheimer da wani matashin likita mai suna Franz Nissl, wanda ya iso a 1889, suka rage ɗauri matuƙa. Wanda ya hargitse sai a sa shi cikin bahon ruwan ɗumi na dogon lokaci har ya natsu, sannan likita ya zauna ya yi hira da shi, ya rubuta abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi.

Nissl ya ƙware wajen rina ɓallin ƙwaƙwalwa da launi don a iya ganin ƙwayoyinta a madubi. Shi da Alzheimer suka zama aminai. Da rana suna zagayen majinyata, da dare suna kan madubi suna duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu. Abin da suke nema shi ne su haɗa halin da suka gani a jikin mutum yana da rai da ɓarnar da suka tarar a ƙwaƙwalwarsa bayan ya mutu. Manufarsu a nuna cewa taɓin hankali ciwo ne na jiki kamar sauran cututtuka, mai shi kuma majinyaci ne da ya cancanci kulawa.

A 1894 Alzheimer ya auri Cecilie, wata bazawara da mijinta attajiri ya rasu ya bari. Suka haifi ƴaƴa uku, mata biyu da namiji guda. Auren bai yi tsawon rai ba, domin Cecilie ta rasu a watan Fabrairu na 1901. Alzheimer bai sake aure ba, ƙanwarsa ce ta zo ta riƙe mashi gida da yara. Dukiyar da matar ta bari ita ce daga baya ta ba shi halin yin bincike na wasu shekaru ba tare da jiran albashi ba.

Matar da ta ɓace ma kanta

Wata tara bayan wannan rashi, ran 25 ga Nuwamba 1901, wani ma'aikacin ofishin jirgin ƙasa ya kawo matarsa asibitin. Shekarunta 51, kuma a takardun likitoci an san ta da Auguste D. Mijin ya yi bayani cewa abin ya soma ne da kishi maras dalili, tana zarginsa da wata maƙwabciya. Daga nan sai mantuwa, sai kurakurai wajen girki, sai ɓoye kayan gida, sai tsoron cewa wani zai kashe ta.

Kashegari Alzheimer ya zauna da ita. Ya tambaye ta sunanta, ta faɗa daidai. Ya tambaye ta sunan mijinta, sai ta sake faɗin nata sunan. Tana cikin cin nama da farin kabeji ya tambaye ta me take ci, ta amsa da cewa alayyafo ne. Ya nuna mata alƙalami da makulli da jakar kuɗi, ta kira sunan kowane, amma jim kaɗan ta mance an nuna mata wani abu. Ya ce ta rubuta sunanta, ta fara ta tsaya a tsakiya, ta gaya mashi cewa ji take kamar ta ɓace ma kanta. Duk wannan ya rubuta shi da hannunsa, tambaya da amsa, kwana bayan kwana.

Bai tsaya ga maganarta kaɗai ba. Ya rubuta yadda take jan kayan shimfiɗa tana yawo da su, da yadda take kururuwa na sa'o'i da murya mai ban tsoro. Ya lura wani lokaci takan tarbi likita kamar baƙo, wani lokaci kuma in an matso za a duba ta sai ta fasa ihu tana cewa yanka ta za a yi. Abin da ya ɗaure mashi kai shi ne shekarunta. An saba ganin irin wannan ruɗewa ga ƴan shekara 70 ko 80, ita kuwa ba ta kai nan ba. Da kuɗin jinya suka yi ma mijin nauyi, har aka yi maganar a mai da ta wani asibiti mai rahusa, Alzheimer ya sa baki aka bar ta a Frankfurt.

A 1903 ya bar Frankfurt ya bi babban malamin nan Emil Kraepelin, da farko zuwa Heidelberg, sannan zuwa Munich, inda aka damƙa mashi ɗakin binciken ƙwaƙwalwa. A 1904 ya gabatar da babban kundinsa a kan ɓarnar da ciwon tunjere ke yi ma ƙwaƙwalwa, wanda a lokacin yana cikin manyan dalilan cika asibitocin masu taɓin hankali. Amma duk da nisa bai daina tambayar labarin Auguste ba.

Shekarunta na ƙarshe ta yi su a kwance. Magana ta ƙare, ƙafafu suka ƙanƙance a naɗe, ba ta iya riƙe fitsari da bayan gida, kuma duk da kulawar ma'aikatan jinya gyambon kwanciya ya kama ta. Ta rasu ran 8 ga Afrilu 1906 tana da shekara 55, bayan guba daga gyambon ta shiga jininta. Sioli ya aika ma Alzheimer da takardunta da ƙwaƙwalwarta zuwa Munich.

Abin da madubi ya nuna

Alzheimer ya tarar ƙwaƙwalwar ta motse. Da ya rina ɓallinta da wani sabon rini na azurfa ya duba, sai ya ga abu biyu. Na farko, cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar akwai wasu zaruruwa da suka yi kauri suka sarƙe, har a wasu wurare ƙwayar ta mutu sai ƙullin zaren ya rage. Na biyu, tsakanin ƙwayoyin akwai ƴan dunƙule-dunƙule a warwatse kamar an watsa gero. Waɗannan alamu biyu su ne har yau ake gane cutar da su.

Ran 3 ga Nuwamba 1906 ya gabatar da wannan sakamako a taron likitocin taɓin hankali na kudu maso yammacin Jamus, karo na 37, a Tübingen. Ya gama jawabinsa, shugaban zama ya ba da damar tambaya, ba wanda ya ɗaga hannu. Aka wuce ga mai magana na gaba. A 1907 aka buga bayanin a ƴan shafuka kaɗan.

Wannan bai karya mashi gwiwa ba. Ya sa wani almajirinsa ɗan Italiya, Gaetano Perusini, ya ci gaba da neman masu irin wannan ciwo. A 1910 Kraepelin ya fitar da bugu na 8 na babban littafinsa na koyar da likitoci, a ciki ya raɗa ma cutar sunan Alzheimer. Adalci ne kuma mu ambaci Oskar Fischer na birnin Prag, wanda shi ma a 1907 ya yi bayanin irin waɗannan dunƙule-dunƙule a ƙwaƙwalwar tsofaffi, amma sunansa ya daɗe a ɓoye.

Ɗakin binciken Munich ya tara almajirai daga ƙasashe da dama. An san Alzheimer da zagayawa daga tebur zuwa tebur, da ɗan tabarau a hanci da sigari a hannu, yana bayani cikin haƙuri har ya mance da sigarin a teburin ɗalibi. Cikin waɗanda suka zauna gabansa akwai Hans Creutzfeldt da Alfons Jakob da Friedrich Lewy, waɗanda kowanensu akwai cutar ƙwaƙwalwa da ke ɗauke da sunansa a yau. Akwai kuma wani ɗan Afirka ta Yamma, Solomon Carter Fuller, haifaffen Monrobiya a ƙasar Laberiya, wanda ya yi karatun likita a Amurka ya zo Munich a 1904. Shi ne a 1912 ya tattara bayanin masu cutar da aka sani a lokacin ya buga da Ingilishi.

A 1912 aka naɗa Alzheimer farfesa kuma shugaban asibitin jami'ar Breslau, birnin da a yau yake cikin ƙasar Polan da sunan Wrocław. A cikin jirgin ƙasa, kan hanyarsa ta zuwa kama aiki, ciwo ya kama shi ya taɓa mashi zuciya, bai kuma sake samun cikakkiyar lafiya ba. Yaƙin duniya na farko ya ƙara mashi nauyin aiki, daga baya ƙoda ta gaza. Ya rasu ran 19 ga Disamba 1915 yana da shekara 51, daidai shekarun Auguste ranar da aka kawo mashi ita. Aka binne shi a Frankfurt kusa da matarsa.

Bayan rasuwarsa an yi fiye da shekara 50 ana ɗaukar cutar a matsayin wani abu da ba a cika gani ba. Sai a shekarun 1970 likitoci suka yarda cewa ita ce ke bayan mafi yawan gigin tsufa. Tun 1994 ake tunawa da ita a duniya kowace 21 ga Satumba. A 1995 kuma wasu likitoci ƙarƙashin Konrad Maurer suka gano takardun jinyar Auguste a ma'ajiyar asibitin jami'ar Frankfurt, da rubutun hannun Alzheimer a ciki.

Zafin da ba a iya faɗa

To masu karatu, mu koma ga shekarun Auguste na ƙarshe. Duk wanda ya taɓa jinyar mai gyambon kwanciya ya san irin raɗaɗinsa. Ga mace kwance da miki a jiki, ga baki ya rufe. An daɗe wasu na zaton mai gigin tsufa ba ya jin zafi kamar sauran mutane, tunda ba ya kokawa. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Zafin yana nan, hanyar faɗinsa ce ta toshe. A shekara ta 2000 wasu likitoci biyu a birnin New York, Morrison da Siu, suka duba tsofaffin da suka karye a ƙugu, suka tarar waɗanda gigin tsufarsu ya yi nisa ana ba su kashi ɗaya bisa uku kawai na maganin morfin da ake ba masu cikakken hankali, alhali karayar iri ɗaya ce.

Hausawa sun riga sun faɗa, labarin zuciya a tambayi fuska, kuma jiki magayi. A kan wannan aka gina ma'aunan da ake aiki da su yanzu. A Faransa akwai Doloplus-2, mai abubuwan lura 10, kowane da maki daga 0 zuwa 3, kuma in jimilla ta kai 5 cikin 30 ana ɗauka akwai ciwo. Akwai ƙaninsa Algoplus na ciwon da ya taso farat ɗaya, mai duba abu 5: fuska, da kallon ido, da koke, da yanayin jiki, da sauyin hali, in an ga biyu cikinsu sai a ba da magani. A Amurka an fitar da PAINAD a 2003, shi ma abu 5 yake dubawa: numfashi, da nishi ko kuka, da yamutsa fuska, da motsin jiki, da ko mutum na lallasuwa in an rarrashe shi, maki daga 0 zuwa 10. A Ostireliya kuma akwai ma'aunin Abbey na 2004. Ba ɗaya cikinsu da ke bukatar na'ura. Ido ne da haƙuri da alƙalami, kayan aikin da Alzheimer ya zauna da su gaban Auguste.

Amfanin wannan ya fito fili a ƙasar Norwe a 2011. Wata likita mai suna Bettina Husebø da abokan aikinta suka bi tsofaffi 352 masu gigin tsufa da ke yawan hargitsi da faɗa a gidajen kula da tsofaffi. Aka ba wani rukuni nasu maganin zafin ciwo bisa tsari na mako 8, mafi yawansu farasitamol ne kawai. Hargitsin nasu ya ragu da wajen kashi 17 cikin 100 in an gwada da ɗaya rukunin, kuma da aka dakatar da maganin sai ya fara dawowa. Ashe wani ɓangare na abin da ake kira rigima ko hauka, ciwo ne ke magana.

Abin da ya rage gare mu

A garuruwanmu da ƙauyukanmu tsoho a gida yake jinya, a hannun ɗiya ko suruka ko jika. Su ne suka fi kowa sanin yadda yake in yana lafiya, don haka su ne za su fara ganin sauyi. Masana sun tsara matakan da za a bi. Da farko a tambaye shi kansa, da gajeriyar tambaya mai amsar i ko a'a, domin wanda ciwon bai yi nisa ba yana iya faɗa, ko ya nuna da hannu. Na biyu a nemi dalili: ciwon gaɓɓai, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko taurin bayan gida, ko fitsarin da ya riƙe, ko targaɗe da karaya bayan faɗuwa, ko miki a baya da ɗuwawu da diddige. Na uku a lura da shi yana kwance, a sake lura sa'ad da ake juya shi ko ake mashi wanka, domin ciwo da yawa sai an motsa yake bayyana. Cije baki, da runtse ido, da nishi, da kare wani wuri da hannu, da ture mai taɓa shi, da ƙin abinci, da rashin barci, da yin shiru fiye da yadda aka saba, duk alamu ne.

In an ga haka, a kai shi likita ko CSI mafi kusa, a gaya ma ma'aikacin lafiya abin da aka gani da lokacin da ya fara, shi zai faɗi maganin da ya dace da yawan da za a ba da. A guji saya mashi tramol ko ƙwayoyin ciwon jiki a hannun ƴan talla, domin wasu na ƙara ruɗa tsoho su ka da shi, wasu kuma na ɓata ƙoda su huda ciki. Wanda ba ya iya tashi a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu, a bar shimfiɗarsa a bushe. Kuma in tsohuwa ta shiga sambatu ko ihu da dare, kafin a ce aljanu ne, balle a ɗora mata sharrin maita, ko a kulle ta a ɗaki, a fara duba jikinta tukuna.

Har yau ba a samu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer ba. Amma zafin ciwo yana da magani, kuma mafi yawansa ba shi da tsada. Ran 26 ga Nuwamba 1901 wani likita ya jawo kujera ya zauna gaban matar da ba ta iya faɗin sunan mijinta, ya ɗauki duk abin da ta yi da muhimmanci har ya rubuta shi. Iyayenmu da kakanninmu da suka kai wannan hali, abin da suke bukata gare mu ke nan.